Rigar Maradona: tsohon yadi, kuɗi miliyar biyar

Duk wanda ya taɓa tsayawa a layin ƴan bosho, ko a kasuwar Maraɗi ko a ta Damagaram, ya san dokar tsohuwar riga. In an taɓa sa ta, darajarta ta faɗi. In ta sha gumi, ta ƙara faɗuwa. In kuwa ɗinkinta ya karkace, to sai mai ita ya roƙi mai saye. Amma ranar 4 ga watan Mayu na shekara ta 2022, a birnin Landan, wata riga shuɗiya mai shekara 36 a duniya, wadda ta sha gumi, aka kuma ɗinka mata tambari cikin gaggawa, ta tashi a kan fam na Ingila miliyan 7 da dubu 142 da 500. In aka juya su zuwa kuɗin CFA, sun haura miliyar 5. Gidan gwanjon Sotheby's, wanda ke wannan sana'a tun shekara ta 1744, shi ne ya yi dillancin.

Rigar ita ce wadda Diego Armando Maradona ya sa ranar 22 ga watan Yuni na 1986, sa'ad da Arjantina ta kara da Ingila a gasar cin kofin duniya ta ƙasar Mekziko. Wanda ya sayar da ita kuwa ba ɗan Arjantina ba ne, ba kuma magajin Maradona ba ne. Ɗan wasan Ingila ne mai suna Steve Hodge, ɗaya daga cikin waɗanda aka kayar a ranar, kuma daga ƙafarsa ne ƙwallon ya tashi ya je ya sami hannun Maradona.

Rigar da aka sayo a kanti

Ƴan Arjantina an san su da riga mai ratsin fari da shuɗi-shuɗi. Kamfanin Le Coq Sportif na Faransa, wanda ke yi musu kaya a lokacin, ya yi musu ita da yadi marar nauyi mai shan iska, domin ana buga wasanni da yawa da tsakar rana, don masu kallo a Turai su same su da marece, ga kuma birnin Mekziko yana bisa tudu, sama da mita 2,200. To amma riga ta biyu, wato shuɗiya, ta auduga ce mai kauri. Da ita suka buga da Urugwai, suka ga yadda take jiƙewa ta yi wa mutum nauyi a kafaɗa. Da aka ce shuɗiyar za su sake sawa a gaban Ingila, mai horad da su, Carlos Bilardo, wanda likita ne kuma mutum ne mai bin diddigin ƙananan abubuwa, ya ce bai yarda ba.

Kwanakin da suka rage ba su isa kamfanin ya ɗinka sababbi ba. Sai aka aiki wani ma'aikacin ƙungiyar, Rubén Moschella, ya shiga kantunan birnin neman riguna shuɗɗa marasa nauyi masu ɗauke da zakaran kamfanin. Ya komo da iri biyu, Maradona ya nuna ɗaya, aka je aka sayo guda 38. Mata masu ɗinki na ƙungiyar América, wadda a masaukinta ƴan Arjantina suke, su suka ɗinka tambarin hukumar ƙwallon ƙasar a ƙirji. Lambobin baya kuwa, masu launin azurfa, na ƴan wasan zari-ruga irin na Amurka ne, aka manna su da dutsen guga. Wato ke nan rigar da daga baya attajirai suka yi ta gogayya a kanta, kayan kanti ce da aka yi wa kwaskwarima a kwana biyu.

Mai karatu ya riƙe wannan lissafi na riga 38, domin zai yi amfani a gaba: kowane ɗan wasa yana da biyu, ɗaya kafin hutun rabin lokaci, ɗaya bayansa.

Minti huɗu

Wasan ba na ƙwallo ba ne kaɗai. Shekara huɗu kafin nan, a 1982, ƙasashen biyu sun gwabza yaƙi a kan tsibiran da Ingila ke kira Falkland, Arjantina kuma ke kira Malvinas. Sojojin Arjantina sama da 600 suka halaka, aka kuma ci su da yaƙi. Mutane sama da dubu 114 suka cika filin Azteca.

A minti na 51, Hodge ya yi niyyar kawar da ƙwallo daga bakin gidansu, sai ya tashi sama ya nufi mai tsaron gidan, Peter Shilton. Maradona, wanda Shilton ya fi tsawo nesa ba kusa ba, ya yi tsalle tare da shi, ya sa hannun hagu ya tura ƙwallon cikin raga. Alƙalin wasa, Ali Bin Nasser na Tunisiya, ya ce an ci. Bayan wasa Maradona ya gaya wa ƴan jarida cewa kaɗan da kansa ya ci, kaɗan kuma da hannun Allah, magana mai nauyi a kunnen mai imani, amma ita ce ta zama sunan cin har yau. Minti huɗu bayan haka ya ɗauko ƙwallo daga ɓangaren gidansu, ya yi tafiyar kamar mita 60 cikin daƙiƙa goma da ƴan kai, ya wuce Beardsley da Reid da Butcher da Fenwick, ya kwantar da Shilton, ya sake ci. A 2002 masu jefa ƙuri'a a zaɓen da hukumar FIFA ta shirya suka ce wannan shi ne cin da ya fi kowane kyau a tarihin gasar. Gary Lineker ya rama ɗaya, aka tashi biyu da ɗaya, kuma mako guda bayan haka Arjantina ta ɗauki kofin.

Ha'inci mafi suna da gwaninta mafi suna a tarihin ƙwallo, a cikin minti huɗu, a jikin riga ɗaya. Abin da aka sayar a Landan ke nan, yadin kuwa shaida ce kawai.

Musayar riga bayan wasa tsohuwar al'ada ce. Ana danganta farkonta da 1931, lokacin da ƴan Faransa suka ci Ingila biyar da biyu, suka roƙi rigunan abokan karawarsu don tunawa. Ba kullum ake yin ta da daɗin rai ba: a 1966, bayan wani wasa mai zafi tsakanin waɗannan ƙasashe biyu a filin Wembley, mai horad da Ingila, Alf Ramsey, ya shiga fili ya riƙe rigar George Cohen, ya hana shi ba wani ɗan Arjantina. Shekara ashirin bayan haka, a hanyar da ke kai wa ɗakunan sauya kaya na Azteca, Hodge ya haɗu da Maradona, ya ja tasa rigar ya yi masa nuni, domin ba su jin harshen juna. Maradona ya tuɓe ya miƙa masa. Hodge ya ce a lokacin bai ma san da hannu aka ci su ba.

Ya ajiye ta a gida shekara 16, sa'an nan a 2002 ya ba gidan tarihin ƙwallon ƙafa na Ingila aronta, inda ta yi kusan shekara ashirin jama'a na kallo. Littafin tarihin rayuwarsa ma da sunan rigar ya fito, abin da ke nuna cewa shi kansa ya gane da me duniya za ta tuna shi. Maradona ya rasu ranar 25 ga watan Nuwamba na 2020 yana da shekara 60. A makwannin da suka biyo baya Hodge ya fito ya ce rigar ba ta sayarwa ba ce. Bayan shekara ɗaya da rabi ta shiga gwanjo. Ba abin zargi ba ne ga mutumin da ya buga ƙwallo a zamanin da albashin ƴan wasa bai kai ko kusa da na yanzu ba; amma ɗan kasuwa zai lura da lokacin da aka zaɓa. Mai sa hannu ya tafi, ba zai ƙara sa wata riga ba, ga gasar kofin duniya ta Katar saura wata shida.

Wace ce daga cikin biyun?

Ana shirin buɗe gwanjon sai babbar ƴar marigayin, Dalma Maradona, ta fito a rediyo ta ce ba ita ba ce. Ta ce rigar da ke hannun Hodge ta farkon wasa ce, wadda ba a ci komai da ita ba, kuma wadda mahaifinta ya ci ƙwallayen biyu da ita tana hannun wani dabam, wanda ba ta faɗi sunansa ba. Maganar ba ƙarama ba ce. Dukan ƙwallayen bayan hutu aka ci su. In Dalma ce ke da gaskiya, to miliyoyin sun zube, abin da ya rage riga ce ta Maradona kamar sauran ɗaruruwan da ya sa a rayuwarsa.

A nan ne gaggawar matan nan masu ɗinki ta yi rana. Kayan da inji ya fitar kamanninsu ɗaya, amma aikin hannu kowane da irin karkatarsa. Sotheby's ya ɗauki wani kamfani na Amurka, Resolution Photomatching, wanda sana'arsa ita ce gwada kaya da hotunan da aka ɗauka ranar wasa. Suka duba yadda tambarin ya zauna bisa ratsin yadin, da zaren da ya fito a gefensa, da wurin da lamba ta faɗa, suka ce rigar ta yi daidai da hotunan bayan hutu, har da na lokacin cin ƙwallayen biyu, ta kuma saɓa da ta farkon wasa. Masu saye suka gaskata hoto, suka bar maganar ƴa. An yi ƙiyasin fam miliyan 4 zuwa 6, tayin ya wuce nan. Wani ɗan Arjantina mai tara irin waɗannan kaya, Marcelo Ordás, ya zo Landan da niyyar mai da rigar gida, aka fi shi ƙarfin aljihu. Wanda ya saya ya ɓoye sunansa. A ƙarshen shekarar an ga rigar a wani gidan tarihin wasanni na birnin Doha, cikin gilashi, a matsayin aro.

Kuɗin da aka bayyana ba duka ne suka shiga aljihun Hodge ba. A irin wannan gwanjo ana ɗora wa mai saye la'adar gidan a kan tayinsa, kuma jimillar ce ake shelantawa. Dillali, a Landan ko a kasuwar dabbobi, ba ya kwana da yunwa.

Wannan bin diddigi ba banza ya taso ba. A ƙarshen shekarun 1990 ƴan sandan ciki na Amurka, FBI, suka bankaɗo wani gungun masu jabun sa hannun taurari, a wani bincike da suka kira Operation Bullpen. Gungun ya cika kantuna da ƙwallaye da hotuna masu sa hannun ƙarya, kowane da takardar shaidarsa ita ma ta ƙarya. A cikin kayan da aka kama har da ƙwallon besbol mai ɗauke da sa hannun Mother Teresa, tsohuwar nan mai hidimar miskinai a Indiya. Tun daga nan manyan masu saye suka daina yarda da takarda ita kaɗai.

Alƙali shi ma ya fito da nasa

Wata shida bayan rigar, sai ƙwallon ya bayyana. A wancan zamani ƙwallo ɗaya ake bugawa daga farkon wasa zuwa ƙarshensa, kuma Ali Bin Nasser ne ya tafi da shi gida Tunisiya. A watan Nuwamba na 2022 ya ba gidan gwanjon Graham Budd na Ingila. Aka yi ƙiyasin fam miliyan 2 da rabi zuwa 3, tayi ya tsaya a miliyan 2. Bin Nasser ya daɗe yana cewa shi bai ga hannun ba, kuma ya dogara ne ga mataimakinsa na bakin layi, Bogdan Dochev ɗan Bulgeriya, wanda bai ɗaga tuta ba. Dochev kuwa, har ya rasu a 2017, yana mai da laifin kan alƙalin. Maradona da kansa ya ziyarci Bin Nasser a Tunisiya a 2015, ya ba shi riga mai sa hannunsa.

Ƴan Ingila da dama abin ya ci musu rai, Lineker ma ya yi tambaya a fili yadda aka yi ƙwallon ya zama na alƙali. Kuma lalle akwai abin dubawa: mutum biyun da kuskurensu ya haifi cin nan, mai bugun da ya karkace da mai busar da bai gani ba, su ne suka wayi gari da kayan da suka fi tsada daga wasan. Ba a kansu aka fara ba. Rigar da Pelé ya sa a wasan ƙarshe na 1970, lokacin da Brazil ta lallasa Italiya huɗu da ɗaya, ta faɗa hannun ɗan bayan Italiya Roberto Rosato, aka kuma sayar da ita a gidan Christie's a 2002 a kan fam dubu 157 da 750. A lokacin an ce ba a taɓa ganin irin wannan kuɗi a kan rigar ƙwallo ba. Shekara ashirin bayan haka ta Maradona ta ninka ta sau 45.

Kasuwar da ta yi tashin gwauron zabo

Amurkawa ne ke jan ragamar wannan ciniki, kuma shekarun da suka biyo bayan annobar Korona ta 2020 sun zo masa da kuɗi masu yawa, domin masu dukiya sun fara ɗaukar kayan wasanni kamar yadda suke ɗaukar zinariya ko zanen manyan masu zane. Kambin da rigar Maradona ta ɗauka bai yi wata huɗu ba. A watan Agusta na 2022 wani ɗan ƙaramin kati na kwali mai hoton ɗan wasan besbol Mickey Mantle, irin wanda kamfanin Topps ke saka wa yara cikin ƙunshin cingam a 1952, ya tashi a dala miliyan 12 da dubu 600, dalar Amurka fa, ba dalar cefane ba. Mai shi ya saye shi dala dubu 50 a 1991. A watan Satumba rigar da Michael Jordan ya sa a wasannin ƙarshe na ƙwallon kwando a 1998 ta kai dala miliyan 10 da dubu 100. A watan Disamba na 2023 riguna shida da Lionel Messi ya sa a Katar suka tashi a dala miliyan 7 da dubu 800. Sa'an nan a watan Agusta na 2024 rigar Babe Ruth ta 1932 ta shafe su duka da dala miliyan 24 da dubu 120. Ita wannan rigar an saye ta dala dubu 940 a 2005. Abin da ya ƙaru da ita a tsakani, ban da tashin kasuwa, shi ne masu gwajin hotuna sun danganta ta da wani wasa guda da Amurkawa ke ba ƴaƴansu labari.

Afirka ma tana da rabonta na tarihi a wannan kasuwa, ko da yake ba ta da rabo a kuɗin. Ɗamarar zakaran duniya da Muhammad Ali ya samu saboda kayar da George Foreman a Kinshasa, ranar 30 ga watan Oktoba na 1974, a damben da Mobutu ya karɓi baƙuncinsa, an sayar da ita a watan Yuli na 2022 a kan dala miliyan 6 da dubu 180. Wani attajirin Amurka, Jim Irsay, ya saya. Wanda ya taɓa ganin ɗan kokowa ya ɗaga takobi a gaban taro ba ya bukatar a yi masa bayanin yadda fata da ƙarfe ke wuce kuɗin fata da ƙarfe.

To amma kada ɗan kasuwa ya ɗauka ko da yaushe riba ake ci. Geoff Hurst, wanda ya ci wa Ingila ƙwallo uku a wasan ƙarshe na 1966, ya sayar da rigarsa ta ranar a shekara ta 2000 a kan fam dubu 91 da 750. A 2016 aka mai da ita Sotheby's ana neman dubu 300 zuwa 500, ba a sami wanda ya kai ba, aka koma da ita. Riga ba ta haihuwa, ba ta ba da haya, sai ma kuɗin inshora da na ajiya da take ci. Darajarta tana rataye ne a kan samun mutum biyu masu kuɗi waɗanda suke son ta a rana ɗaya. Kuma yara masu tasowa ba lalle ba ne su riƙe gwarzayen iyayensu.

Akwai kuma ɓangaren da gidajen gwanjo ba su cika sawa a tallarsu ba. Da yawa daga cikin waɗannan kaya bukata ce ta fito da su. Cikin ƴan wasan Ingila goma sha ɗaya da suka ci kofin 1966, mafi yawansu sun rabu da lambobinsu na zinariya. Mai tsaron gida Gordon Banks ya sayar da tasa a 2001 a kan fam dubu 124 da 750 don ya taimaki ƴaƴansa. Nobby Stiles ya fito da tasa a 2010, bayan rashin lafiya ta taɓa shi, don ya bar wa iyalinsa wani abu. Tsohuwar ƙungiyarsa, Manchester United, ta saya ta ajiye. Mutanen da suka ci wa ƙasarsu kofin da ba ta sake ci ba, kuɗin da suka samu a lambobinsu bai kai albashin mako guda na wasu taurarin yau ba.

Magada da masu riƙo

Labarin kayan Maradona na 1986 bai ƙare da riga da ƙwallo ba. Bayan gasar an ba shi kyautar ƙwallon zinariya ta gwanin ƴan wasa, a wani biki a birnin Paris. Kyautar ta ɓace shekaru da dama. A 2024 gidan gwanjon Aguttes na Faransa ya sanar da cewa tana hannunsa, kuma zai sayar da ita ranar 6 ga watan Yuni. Wanda ya kawo ta ya ce a 2016 ya saye ta cikin tarin wasu kofuna a wani ƙaramin gwanjo, ba tare da ya san abin da ya samu ba, kuma dokar Faransa tana kare wanda ya sayi kaya da zuciya ɗaya, in shekaru uku suka wuce ba a neme su ba.

Ƴaƴan marigayin suka ce sata ce: an ɗauke ta ne a 1989, a wani fashi da aka yi a wani banki na birnin Napoli, inda mahaifinsu ke wasa a lokacin. Suka kai ƙara. Kotun farko ta ƙi dakatar da cinikin, suka ɗaukaka, kotun ɗaukaka ƙara ta Versailles ta ba da umurnin a riƙe kyautar har a tantance mai ita. Ranar 6 ga watan Yuni ta zo ta wuce ba a buga guduma a kanta ba.